Sharbot ɗin Gwaggo Kubura

Saura kwana goma Layya
Gwaggo Kubura ta aike ni kasuwar Sinnar
da kuɗi ƙulle a tsumma
da gargaɗin da ya fi kuɗin nauyi.

Ta ce, dawa za ka fara dubawa.
Ba farar nan mai ƙyalli ba, mai ruɗin baƙo.
Nemi fatarita wadda ƙwayarta ta cika,
ka tauna ɗaya.
In ta ce ƙas a haƙori, ta bana ce.
In ta yi gari, ƙwaro ya riga ka,
abin da ƙwaro ya ci cikinsa kuwa ba ya tsiro
ko kogin Nilu ka juye masa.

Abdulbagi mai dabino ya so ya tura mini gundela,
mai laushi, mai maiƙo, abin tarbar suruki.
Na ce barakawi aka ce.
Ya kalle ni, ya yi dariya,
ya ce wata tsohuwa ce a bayan bakin nan.
Ya auno busasshe, mai tauri kamar duwatsun dara,
wanda ke riƙe zaƙinsa sai wuta ta roƙe shi.

Citta mai yatsu, ba niƙaƙƙiya ba.
Kirfa ɓawo biyu.
Tsamiya kaɗan.
Zoɓo tafi guda, don launi kawai,
don in ya yi yawa shi zai karɓe zancen.
Hulba? Ta ce ko a mafarki.

Na dawo Maiurno rana ta karkata.
Ta jiƙa dawar, ta tsame,
ta baza a kan buhu ƙarƙashin rumfa,
ta rufe da wani buhun.
Safe da yamma yayyafi,
kaji suna zagaye kamar masu bin bashi.
Kwana na uku ƙwayoyin suka fito da farin gemu.
Ta shinshina, ta ce ya isa,
in tsiro ya yi kore, ya sha zaƙinsa da kansa.

Tana shanya shi take ba ni labari:
kakarta daga Haɗeja ta taso da ƙafa,
Makka ta nufa,
nan ta tsaya shan ruwa.
Ta ce, kai da ni ma dawa ce, Ɗan'azumi,
kogin nan ne ya jiƙa mu, muka tsiro inda aka baza mu.

Dabino ya dahu har ya saki ƙwallo.
Muka tace, muka bari ya huce.
Garin tsiro ludayi uku,
sai randa, sai faifai a baki.

Daga nan aikin ba na hannu ba ne.
Tsakanin abin sha da abin kunya,
in ji ta, dare ɗaya ne.
Randa takan fara raɗa.
Raɗar farko, zaƙi ya farka.
In ta kai ga surutu, sai a tuntsurar a bayan gida,
ko akuya ba a ba.

Shekara hamsin kunnenta ke gadin wannan iyaka.
Bana kunnen ya tafi.
Ban gane dalilin aiken ba sai da asuba,
da ta tashe ni da sandarta,
ta kama ƙeyata,
ta manna kunnena a cikin randar mai sanyi.

Me ta ce?

Na yi shiru, na saurara.
Can ƙasa, ƙasa sosai,
kamar yayyafi a rufin wani gida nesa.

Na ɗaga mata yatsa ɗaya.
Ta ce, ɗauko rariya.
A waje ragon yana ta jan igiya,
liman bai ko fita idi ba.