Kalma Guda a Bakin Ƙofa

Gidanmu na Belfast ɗan tsut ne,
taku biyar daga ƙofa zuwa murhu.
Baba na kwance a ɗakin gaba
cikin kwat ɗin da ya ƙi jini.
An tsai da agogo, an lulluɓe madubi,
ni kuwa an bar mini ƙofa.

Duk wanda ya shigo sai ya kama hannuna,
ya ce yana taya ni jimamin tirabul ɗina.
Haka muke ta'aziyya a nan,
ba mai furta mutuwa.
Na ƙirga hannu sittin da huɗu,
lissafin ya kwance mini.

Tirabul. Turancin da na sha a nono.
Kalma ce kamar jakar cefanen Mama,
ta zare, mai miƙewa:
ka sa allura ta ɗauka,
ka sa buhun dankali ta ɗauka,
ba ta taɓa cewa ta cika ba.

Ga Misis Devlin da tiren burodi.
Na ce, da ba ki wahalar da kanki ba.
Ta ce, haba, ba tirabul,
alhali garin fulawa na maƙale a girarta
tun ƙarfe biyar na asuba.

Baba ma haka yake faɗa.
Famfon wani ya fashe da tsakar dare,
sai ya zura takalmi ba safa,
ya dawo jiƙe har gwiwa,
haƙora na kaɗawa: ba tirabul.
Da likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji,
nan ma ita ya samu a zuciyar.

Malamin lissafi ya taɓa rubuto wa Mama
cewa Cathal shi kansa tirabul ne,
don ya sa kwaɗo a aljihun tebur.
Goggo Philomena kuma, ance ta shiga cikinta
tana da shekara goma sha bakwai.
Jirgin ruwa ya kai ta Liverpool,
ta dawo da bazara, hannu wayam,
ba wanda ya ƙara harafi a kai.

Sai babbar.
Muka ɗora mata babban baƙi a ka,
muka liƙa mata harafin jam'i a wutsiya,
muka zuba shekara talatin a ciki,
da rayuka sama da dubu uku.
Cathal ya fita neman tayar keke
wata Talata, ana yayyafi.
Keken na nan a bayan gida har yau.
Kalmar da muke faɗa in mota ta ƙi tashi,
ita muka ba wannan.

'Yata Orlaith ta taɓa tsare kakanta:
me ya hana ku ce yaƙi?
Ya daɗe yana juya cokali a kofi.
Ya ce, yaƙi fili gare shi,
a je, a yi, a dawo gida.
Wannan a layinmu aka yi shi.
Abin da za ki kwana ki tashi da shi,
ba kya kiransa da cikakken suna.

Goma ta wuce, mutane sun ragu.
Sai ga wani tsoho da hula a hannu,
Wesley Orr, daga ƙetaren katanga.
Tare suka koyi aiki da Baba,
rabonsa da layin nan tun kafin a haifi 'yata.
Ya riƙe hannuna, ya buɗe baki,
kalmar ta ƙi fitowa.
Muka tsaya haka, iska na shigowa.

Na ce, za ka sha shayi?
Ya dubi takalmansa.
Ya ce, in dai ba tirabul ba ne.

Na je na ɗora buta.