Daƙiƙa Talatin da Bakwai

Ɗaki na shida, asibitin Tromsø.
Sati biyar rabonmu da rana,
dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.

Ni ce mai liƙa wayoyi.
Goma sha tara na dasa a kan Halvard,
tsohon masunci mai furfura kamar gishiri.
Tun da kaka ya sa hannu a takarda,
ya ce da Likita Torunn,
"In kun hango wani abu a can, ban da rowa."

Ragnhild, autarsa, na riƙe da hannun hagu,
wanda igiyar koma ta guntule wa yatsa.

Ƙarfe uku da kwata zuciya ta ajiye aiki.
Layinta ya miƙe ɗoɗar.
Muka jira allon ƙwaƙwalwa ya bi sahu,
sai ya ƙi.
Ya ma tashi tsaye:
'yan igiyoyi masu sauri, kafaɗa da kafaɗa,
kamar garken kifi ya juya baki ɗaya
a ƙarƙashin jirgi.
Daga ƙeya suka taso, mazaunin gani,
suka gangara gefen kunne
inda tsofaffin ranaku ke kwana.

Torunn ta cire tabarau, ta mayar.
Ni ina ƙirga a zuci.
Talatin da bakwai,
sannan ruwa ya kwanta.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Mu mun tsallake fuska,
mun kasa kunne a ƙoƙon kai,
ga shi ya amsa da yaren da ba mu iya ba.

Ragnhild ta ce, "Me ya gani?"
Likita ta daɗe tana murza biro.
"Mun ga an kunna fitila a gidan.
Ko da mutum a ciki, na'urata ba ta leƙa taga."
"Mamata ce," in ji Ragnhild,
ta ja masa bargo har wuya
kamar sanyi na iya kama shi.

Na ɓamɓare wayoyin ɗaya ɗaya,
na wanke danƙon da ruwan ɗumi,
na taje gashin yadda yake so, zuwa dama.

Da asuba, a kan gada,
iska na yanka kumatuna,
na tsaya na duba agogo, na gwada.
Talatin da bakwai.
Ta ishe ni tuna kicin ɗin kakata,
ƙamshin burodi, da kare na haushi a waje,
har da saura.