Shekara Bakwai da Kurciya

Ran da na kawo ta Talladje
yara suka zagaye ta, suna neman inda take tari.
Ba ta tari, ba ta shan esansi.
Awaki ma ba sa jin zuwanta,
sai na leƙo na roƙe su hanya.

Illo makanike ya buɗe gabanta a Katako,
ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Malama, ina hanjinta?"
Yau shi ke canza mata taya,
shi ya ɗaure wayar da ɓera ya ci
a daminar da ruwa ya shigo mana.

Da, caji ɗaya Dosso ne.
Yanzu Kollo ma sai da lissafi:
in kashe sanyi, in sauke gilashi,
ido kan allo kamar mai awon gero a bazara.

Da ɗaukewar wuta ta ishe mu
na sayar da sarƙata,
na shimfiɗa mata farantan rana huɗu a rufi.

Sau biyu ana taya ta.
Batir ya ja baya, na sani.
Ni ma gwiwata ba ta kai ni kasuwa
sai na zauna a hanya.

Da asuba nakan share mata ganyen dogonyaro,
in zare waya,
mu fita a hankali.