Kada

Kalma ɗaya Nomau ya faɗa kafin ruwa ya cika masa baki.
Shekara goma sha shida ke nan ina tauna ta,
ta ƙi narkewa.

Asubar Talata ce, ƙasa da Yelwa,
inda Kwara ke rabuwa biyu ta rungumi gungu.
Tarunmu ya sarƙe a saiwa.
Ya ce in riƙe jirgi, ya tuɓe taguwa,
ya sauka, ruwa iya ƙirji,
yana tsokanata kan kuɗin gishirin da ban biya ba.

Sai ruwan ya yi doro.
Na ga baya mai kaushi kamar ɓawon maɗaci,
na ga ido rawaya, babu ko fushi a ciki.
Nomau ya ɗaga hannu ɗaya sama,
ya ce: Kada!

Mutanen Yawuri, ku da kuka ba ni goro,
kuka ce uwata ta haifi namiji,
ku ji abin da ban faɗa wa Sarkin Ruwa ba:
na tsaya.
Da zago a hannuna, numfashi uku, na tsaya.

A na farko na ga Hajo da tsohon ciki
tana hura wuta ƙarƙashin bandar kifi.
A na biyu na ga jirginmu ya isa mashaya shi kaɗai,
mata biyu sun shiga takaba rana guda.
A na uku wata murya ta zo,
mai sanyi, mai hankali, irin ta dattawa,
ta ce: ai ka ji shi da kunnenka.
Ba dabbar ya kira ba, kai ya hana.
Kada ka zo, ya ce. Kada.

Na so muryar nan.
Wallahi na so ta.

Abin da ya biyo baya, Allah ne masani.
Ko ni na yi tsalle,
ko wutsiya ce ta doki jirgi ya zubar da ni,
na dai tsinci kaina cikin laka da jini,
zago ya ɓace,
babban yatsana cikin idon nan rawaya,
ɗaya hannun a hamatar Nomau,
muna ja, ni da shi da wanda bai san sunanmu ba.
Muka raba.
Kogi ya ɗauki daga gwiwa zuwa ƙasa,
na fito da sauran.

Yanzu yana zaune bakin kasuwa yana ɗinkin koma,
sandarsa jingine da tsamiya.
In baƙo ya zo, sai ya nuna ni da haɓa,
ni kuwa in sunkuya, a ce tawali'u ne.

Bara, bayan la'asar, na kasa daurewa.
Na ce, Nomau, ranar nan,
wace kada kake nufi?

Ya datse zare da haƙori, ya daɗe bai tanka ba.
Ya ce, baki ne ya buɗe, ban tambaye shi ba.
Ya ƙulla wani ido na koma.
Ya ce, amma na gan ka tsaye. Na ƙirga. Uku.
Da ni ne a jirgin, Arzika,
ban san inda ƙirgata za ta tsaya ba.

Cikin nan na Hajo yau ya fi ni tsawo.
Gobe zai fara fita da ɗan Nomau, su biyu, jirgi ɗaya.
Ɗazu yana wasa zago a kan dutse,
bai ɗago kai ba ya ce,
Baba, in ta faru, in shiga?

Na buɗe baki.
Kalmar nan ce ta zo.
Na haɗiye ta,
na ce ya ƙara ruwa a dutsen.