Taku Huɗu Tsakanin Tebur da Tebur

Ni ce Verna Sizemore, mai tsaron laburare
a wani lungu na tsaunukan Kentucky,
inda ramin kwal ya rufe baki
ya bar maza da tari da dogon yini.

Shekara tara ina koyar da manya da daddare,
masu furfura, masu jego, masu kanta a tafin hannu.
Amma jarrabawar tana can birni,
awa biyu da rabi a hanya mai murɗiya kamar hanjin akuya.
Delbert Caudill sau biyu yana biyan kuɗi.
Ran farko motarsa ta mutu a kan gada,
na biyu ƙanƙara ta toshe hanya.
Ya ce, "Verna, takardar nan ba rabona ba ce."
Na ce, "Rabo ba shi da ƙafa, ɗauko shi ake yi."

Na rubuta wa hukuma.
Suka aiko fom mai shafi arba'in da ɗaya.
Ƙofa nawa? Taga nawa? Makulli na hannun wa?
In wuta ta ɗauke, sai yaya?
Mai keken guragu zai iya juyawa a banɗaki?
Matan coci suka yi Asabar bakwai suna gasa kek.
Da kuɗinsa muka sayi kwamfuta shida,
kyamara ɗaya, da akwatunan kulle waya.

Sufeto ta zo ran Talata.
Kofin da na zuba mata ya huce bai ga leɓenta ba.
Ta durƙusa ta auna:
taku huɗu ake so tsakanin tebur da tebur,
namu ya gaza da faɗin yatsa uku.
Ta dubi bango. Taswirar duniya, jadawalin sau,
duk a sauke, kada bango ya ba da satar amsa.

Da yamma Delbert ya zo da zarto
ya rage wa kowane tebur gefe,
garin katako na zuba a kan takalminsa.
Inda taswira ta shekara talatin
fenti ya fi haske,
kamar taga da aka manta ba a huda ba.

Sharaɗin ƙarshe shi ya tsaya mini a wuya:
wadda ta koyar ba ita za ta sa ido ba.
Ko alli, ko makulli.
Na kwana ina juyi.
Da safe na miƙa wa Opal, 'yar ƙanwata, allina,
na rataya makulli a wuya.

Wasiƙar izini ta iso a watan Maris.
Na manna ta a ƙofa, ta ɗan karkace, na bar ta haka.

Asabar ta farko, mutum biyar.
Delbert ya tako a ƙasa, minti goma daga gidansa,
sanye da rigar da ya sa ranar jana'izar matarsa.
Tun muna aji uku na san shi.
Tabon da ke haɓarsa ma, ni na jefa dutsen.
Amma na ce, "Yallaɓai, katin shaida."
Ya miƙo, ko murmushi babu.
Na karanta sunan, na dubi hoton, na dubi mutumin.
"Zazzage aljihu."
Ƙaramar wuƙa, alewar tari, guntun fensir.
Na kulle su a akwati na uku.

Ta gilashi nake hango ƙeyarsa.
Can ya tsaya, ya kai hannu yana sosa kunne,
yadda yake yi in lissafi ya cije.
Bakina ya cika da abin da na saba faɗa:
a hankali, fara da na ƙasa.
Na haɗiye shi da ƙyar, kamar ƙwaya ba ruwa.

Agogo na cin rabonsa.
A waje jirgin ƙasa ya wuce, taragunsa wayam.
Kafin ƙararsa ta gama mutuwa a bayan dutse
hannun Delbert ya bar kunne,
ya sauka,
ya danna.