Daga Goma Sai Sha Uku

Jikka ɗaya na ba Malam Ilu
a bakin babbar kasuwa, ranar Litinin.
Ya zaro shi daga ƙarƙashin kalanda da carbi,
ɗan littafi mai koren bango
da zanen yarinya ɗauke da tulu.
Ya ce, “Na yara ne, amma manya su zauna kusa.”
Na cusa shi aljihu tare da sifana da buji,
kafin in iso Sura Bildi
babban yatsana ya sa masa hannu da baƙin mai.

Bayan lisha aka ɗauke wuta.
Tsahara ta jingina tocila a jikin kwano,
Barira ta gyara murya irin ta mushen lakwal ɗinsu,
Lawali ya kwanta rub da ciki, haɓarsa a cinyata,
Iya na ɓarar gyaɗa can cikin duhu,
ita yatsunta sun daɗe da haddace aikinsu.

Wata yarinya ce ta fita ɗibar ruwa da sassafe,
ta tsinci ƙullin kuɗi a gindin bedi.
Ta duba gabas, ba kowa.
Ta duba yamma, sai akuya.
Ta ɗaga kai sama...

Barira ta juya shafi, ta tsaya.
Ta lashi yatsa, ta murza takarda.
Daga goma sai sha uku.
Ba yagewa aka yi ba, tun wurin ɗinki aka manta.
A sha uku yarinyar har ta koma gida tana alwala,
ba wanda ya ce mana ina kuɗin suka kwana.

Lawali ya ce fanke ta saya,
ta ba akuyar guda don kada ta tona.
Tsahara ta ɗaka masa duka na wasa,
ta ce gidan mai unguwa ta kai, aka yi cigiya.
Barira ba ta yi dariya ba.
“To don me ta ɗaga kai? Wa ta gani?”
Iya ta hure ɓawo daga tafin hannu.
“Ba ta ga kowa ba, ’yar nan.
Ita aka gani.”

“Baba, kai fa?”

Na yi tari. Na ce sauro ya yi yawa.

Don da azahar ɗin nan wani ɗan kabu-kabu,
Sabi’u, yaron Tibiri, ya turo babur har rumfata.
Na kwance tsohon bujinsa, na wanke da fetur,
na goge, na mayar,
na karɓi kuɗin sabo.
Sabon yana aljihuna.
Tun kasuwa yake gogar bangon littafin.

Daren nan na ƙirga manyan motoci
masu nufar Ɗan Isa, har goma sha tara.
Rufin ɗakina kwano ne, na san kowace ƙusa a jikinsa,
amma na kasa kallonsa.

Na tsaya a tasha tun sanyin safiya har hantsi ya dubi ludayi.
Da ya zo na miƙa masa.
Ya ƙirga sau biyu,
ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa,
ya ce, “Allah shi kyauta,” ya ba babur wuta.
Ko godiya babu. Ban cancanta ba dama.

Tsahara ta ce a mayar wa Malam Ilu ya musanya mai cikakken shafi.
Barira ta ƙi.
Ta yago falle daga kayenta na lissafi,
ta jiƙa ƙaro, ta manna tsakanin goma da sha uku.
Ta rubuta na Lawali da akuyarsa,
na uwarta a ƙasa,
na Iya da jan biro, layi ɗaya tak.
Ta bar mini gurbi kamar faɗin ashana.

Ni boko bai zauna mini ba.
Na dubi yatsana, bai gama wankuwa ba,
ba ya taɓa gama wankuwa.
Na dangwala shi a wurin.

Lawali ya leƙo. “Me Baba ya ce?”
Iya ta ce, “Ku bar shi ya bushe.”