Kujerar da Baba Nomau Ya Kawo Panteka

Ran Talata, ruwa na ɗaukewa,
Baba Nomau ya sauko daga keke mai ƙafa uku,
kujera ɗaure da igiya a kan rufi,
ƙafa ɗaya ta gurɗe, soso ya leƙo ta ciki.
Ya ce, "An ce a Panteka ba abin da ke mutuwa."
Na ce, "Ƙarfe ke nan, Baba. Katako sai mun duba."

Ya zauna bisa tsohuwar taya,
ya fasa goro, bai miƙo mini ba.
"Shekara talatin da ɗaya ina riƙon hatimi
a wata ƙasa can bakin teku,
wadda ƙwayar gero ke rufewa a taswira.
Tafiyar Kawo zuwa Kakuri, da a can ne,
ka gama ƙasar, ka jiƙa ƙafar wando.
Amma da tutarta, da takenta, da shugabanta.
Ɗan tsako ma ai da kai yake yawo.

"Na farko malamin firamare ne.
Ran da baƙi suka naɗe tutarsu
da alli a aljihu ya sha rantsuwa.
Doka in ta zo, sai ya gyara mata waƙafi
da jan biro, kana ya sa hannu.
Ya rasu mai shago na bin sa kuɗin sukari.

"Na biyu ta rediyo ya shigo, da asuba.
Bai cika zama a kanta ba,
ƙafa yake ɗorawa.
Shafa nan. Ka ji ramin? Dunduniyar takalminsa ce.

"Na uku ya ɗauki kundin tsarin mulki rigar yaro,
kullum ana ƙara mata yadi.
Wa'adi biyu ya haifi huɗu.
Sai matan kasuwar kifi suka zo da tabarmi,
suka kwana goma sha ɗaya a ƙofar fada,
ba jifa, ba zagi, sai ƙarni.
Ta ƙofar kicin ya fita, da jaka ɗaya."

Janareton maƙwabci ya tashi, ya shaƙe, ya mutu.
Na ci gaba da zare ƙusa.

"Daga nan aka fige kujerar.
Kuɗi aka kai majalisa, bindiga aka damƙa wa doka,
aka bar mata karɓar jakadu, zuwa gaisuwar mutuwa,
sakin fursuna ran bikin 'yanci,
da alƙalami.
Mutane suka ce ta zama kwalliyar falo.

"Ta huɗu ungozoma ce, Inna Dije muke ce mata.
Wata Laraba aka kawo takarda:
za a sayar wa wani kamfani gaɓar teku,
har inda masunta ke shanya koma.
Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau,
ta ce, 'Nomau, mai da hatimin nan aljihun tebur.'
Shi ke nan.
Shekara biyar ta yi, ta yanka zare ya fi ɗari,
amma wannan a'a ɗin kaɗai ake ba yara labari.

"Da suka sayo sabuwa mai juyawa
sai suka ba ni wannan, wai kafin fansho ya fito.
Har yau yana hanya."

Na yaye tsohon yadin.
A lungun katako ga guntun alli,
ga kwanson harsashi ya yi tsatsa,
ga ƙayar kifi, ban san ta ina ta bi ba.
Na zuba masa a tafin hannu,
ya daɗe yana kallo, kamar mai ƙirga canji.

Na ce, "Soso nawa za a sa? Akwai mai inci huɗu."
Ya ce, "Sa mai inci ɗaya.
In ta yi laushi ba a son tashi."

Aka kira la'asar a masallacin masu walda.
Na ce dubu tara, ya ce biyar,
muka tsaya a shida da rabi,
ya ce Asabar zai dawo,
ya tafi da allin, ya bar mini kwanson.